Sakin Reshe, Kama Ganye: Ni da Bishiyar Meful a Gangare

Duk wanda ya tashi a Jos ya san yadda muke tinƙaho da sanyin garinmu. In baƙo ya zo daga Kano ko Sakkwato a watan Disamba, ya kwana yana makyarkyata a cikin bargo, da safe sai mu ce masa, "Ai nan ce Turan Najeriya." Kuma muna da abin nunawa. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi sun haura mita 1,800. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya cika kasuwannin ƙasar nan. A wajen Vom ana noman sitiroberi, akwai masu gonar tuffa, ga kabeji da karas da latas a lambunan bakin kogin Dilimi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tinƙaho daban, sani daban, ni kuwa na ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da na yi shiru. Amma ya ci itacen da mahaifina ya dasa da hannunsa, ya ɓata wa mahaifiyata rai, ya kuma sa na zalunci yaron da bai yi laifin komai ba.

Bishiyar da ta ɗauke mini hankali ita ce meful. Ko wanda bai san sunanta ba ya san ganyenta, domin shi ne jan ganyen da ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. Danginta sun kai kusan iri 130, mafi yawansu a Asiya. Wadda na so ita ce ta Japan, wadda masana tsirrai ke kira Acer palmatum, gajeriya mai siraran rassa, ganyenta mai yatsu biyar zuwa tara. Wani masani ɗan Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya isa Japan a 1775, shi ya raɗa mata wannan suna, kuma ta shiga Ingila a 1820. A birnin Kyoto, in watan Nuwamba ya kama, mutane kan fita ayari-ayari don kawai su kalli yadda ganyenta ya rine ya yi ja wur. A waya na fara ganin hotunan, na yi ta kallo har abin ya zame mini buri. Na ce a raina, garin da ya karɓi tuffa ya karɓi sitiroberi, me zai hana ya karɓi wannan?

Gidanmu yana Gangare, ɗaya daga tsofaffin unguwannin Jos tun zamanin haƙar kuza, kusa da tashar jirgin ƙasa. Wanda ya san unguwar ya san ba wurin lambu ba ne: gida manne da gida, lunguna matsattsu, rufin kwano ko'ina. Tsakar gidanmu siminti ne, in ban da kusurwa guda da aka bar wa ƙasa. A nan gwaibar mahaifina take. Ba wata ƙasaitacciya ba ce. Jikinta sumul yake, ɓawon yana saɓulewa da kansa, reshe ɗaya ya goge har yana sheƙi saboda hawan yara. A jikinta ake ɗaura igiyar shanya. A gindinta Inna ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar tana tsince shinkafa. In cikin yaro ya ɓaci, ganyenta ake tsinko a dafa masa. In ta yi 'ya'ya kuwa, har maƙwabta sai sun san ta yi.

Da iri na fara. Na saya ta intanet, na shuka a leda, na yi ta ban ruwa, ko ɗaya bai tsiro ba. Da na koma karatu sai na tarar cewa irin meful ba ya farkawa sai ya yi kusan wata uku cikin damshi da sanyi na kimanin digiri 4, wato sai an sa shi a firji. A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Irin da ba zai tsiro ba sai an ƙirƙiro masa sanyin da garinka ba shi da shi, ai ya riga ya gaya maka inda ya fito da abin da zai nema in ya girma. Ni kuwa sai na ɗauki abin a matsayin dabara da na gano. Na kai irin wurin wani abokina mai sayar da lemon sanyi ya ajiye mini. Kaɗan suka tsiro, su ma koraye, domin jajayen da ake gani a hoto yawanci aure ake yi musu, a ɗaura reshen mai kyau a kan tushen wata, ba daga iri ake samunsu daidai ba. Ba su daɗe ba suka mutu. Maimakon in haƙura, sai na roƙi wani ɗan kasuwa mai zuwa ƙasar Sin ya taho mini da 'yan dashe masu aure. Ban ma tsaya na tambayi ƙa'idar shigo da tsiro mai rai ba, alhali doka ta ce sai da izinin hukumar killace kayan gona, saboda cuta da ƙwaron da kan biyo saiwa.

Akwai wani dattijo mai lambu a bakin Dilimi, abokin mahaifina ne, wurinsa muke sayen dashen tumatir da na itatuwa. Na kai masa hoton da ɗaya daga cikin dashen, ba don neman shawara ba, sai don ya yaba. Ya juya ganyen a hannunsa, ya murza shi a hankali, ya ce, "Ɗan nan, wa ka taɓa gani da ita a garin nan?"

Na ce, "Babu, Baba. Ni zan fara."

Ya ce, "Turawa sun yi shekara da shekaru a nan suna haƙar kuza. Ba irin furen da ba su kawo ba, ba irin itacen da ba su gwada ba, don su ma suna kewar gida. In da wannan tana yi, da ka ga tsohuwarta a Rayfield ko Bukuru. Ga ganyen nan ba kauri, hunturu zai cinye shi. In ka matsa sai ka gwada, sa ta a tukunya. Amma kada ka taɓa gwaibar babanka."

Na ce masa, "Baba, zamani ya canza, yanzu komai yana cikin waya." Bai ƙara cewa komai ba, ya ci gaba da jan ruwansa. Har yau in na tuna wannan amsa tawa sai kunya ta rufe ni, domin mutumin ya ba ni hujja, ni kuma na mayar masa da raini.

Wurin dasawa guda ne a gidan, kuma gwaiba na kai. Da na gaya wa Inna niyyata, ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Shekarar da aka haifi ƙanwarka babanku ya dasa ta." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, in kika ga wannan ta girma, ke da kanki za ki ce gara da aka yi." Ta ce, "Tunda ka ce ka sani, Allah ya sa alheri." Na san wannan ba yarda ba ce, kawaici ne irin na iyaye. Na yi kamar ban gane ba, na kira mai gatari.

Daminar farko ta ƙara ruɗa ni. Daminar Jos tana da taushi: ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, ga hazo da yayyafi a Yuli da Agusta, rana ba ta cika dukan ƙasa ba. Dashen suka saki sabon ganye jajawur, in raɓa ta kwanta a kansa da sassafe sai ka ga kowane yatsa yana ɗauke da ɗigonsa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa, abokai suna ɗaukar hoto. Har na fara ba wasu shawara su ma su nema, na fara lissafin raino don sayarwa.

Sai hunturu ya shigo. Ina jiran in ga rinin da na gani a hotunan Kyoto, sai na ga bakin ganye yana ƙonewa. Daga tsinin yatsun abin ya fara, ya koma ruwan ƙasa, ya nannaɗe, in ka taɓa sai ya marmashe. Ƙura ta lulluɓe sauran. Ganyen bai zube gaba ɗaya ba, bai kuma rayu ba, ya dai maƙale a jikin reshe.

A nan na yi laifin da ya fi sare gwaiba muni. Ɗan yayata da ke zaune tare da mu shi na ɗora wa ban ruwa kafin ya tafi makaranta. Da rani ruwa a unguwarmu sai an saya wurin 'yan garuwa, kuma da kuɗin cefane nake ƙara jarkoki saboda itacen. Da na ga ganye na bushewa, ban tuhumi kaina ba ko na minti ɗaya. Na kira yaron a gaban mutanen gida na ce shi ne ba ya ba su ruwa. Ya ce, "Kawu, wallahi ina ba su kullum." Na ce masa maƙaryaci. Ya sunkuyar da kai, bai sake magana ba. Daga ranar ya riƙa tuttula musu ruwa fiye da kima don kada in sake zarginsa, har ƙasar ta riƙa kwana a jiƙe, abin da saiwar meful ba ta so ko kaɗan. Ni kuma na ƙara da tawa gwanintar. Na ga masu lambun Dilimi suna zuba tokar shara a gonakinsu kabeji yana yin kyau, sai na zuba toka a gindin dashen. Ban san cewa meful ƙasa mai ɗan tsami take so ba, toka kuwa kashe tsamin ƙasa take yi. Sabon ganyen da ya fito bayan haka fari-fari ya fito, jijiyoyinsa kaɗai ke da launi.

Da zafin Maris da Afrilu ya zo, siminti da kwano suka haɗu suka gasa su. Damina ta dawo, suka ɗan farfaɗo, amma ba kamar da ba: wani reshe ya yi toho, wani ya ƙi, ganyen ya ƙanƙance. Rassa suka riƙa mutuwa daga sama zuwa ƙasa. Kafin wani hunturun ya wuce, gara ta gama da abin da ya saura.

Wani tsohon ma'aikacin gandun daji da muke sallah tare shi ya warware mini abin daga baya, kuma bai ɗauke shi dogon lokaci ba. Ya ce sanyin da nake taƙama da shi ba shi ne sanyin da meful ke nema ba. A Jos, ko a tsakiyar hunturu, da asuba ne ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 10, kafin azahar ya haura 25. Meful kuwa tana bukatar ɗaruruwan awoyi a ƙasa da digiri 7, mako bayan mako, dare da rana. A cikin wannan sanyin take zubar da ganye ta yi barci, kuma sai barcin ya cika idanun reshe ke buɗewa tare da ƙarfinsu. Ya ce, "Kamar ɗan dako ne ka hana shi barci, kana ta tura masa tuwo. Zai yi maka aikin yau da na gobe, amma ƙarshensa faɗuwa."

Ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba, wato tsawon yini. A Kyoto, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ya haura awa 4. Wannan raguwar hasken ita ke sanar da itacen cewa sanyi na tafe, sai ya janye koren ganyensa, hasken rana da sanyin dare su taru su fito da jan. A Jos, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, don haka saƙon ba ya isa ga itacen yadda ya saba. Sannan a can sanyi kan tarar da itacen ya riga ya tuɓe ganye, ƙasa kuma da damshi. A nan sanyinmu tare yake zuwa da busasshiyar iskar Sahara da rana mai ƙarfi, ya tarar da siririn ganye a buɗe, ya tsotse shi fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Ko kogi yaron ya juye musu, ganyen sai ya ƙone. Yawancin dangin nan da sanyi aka ƙulla rayuwarsu. Meful ta Kanada, wadda ake tatsar ruwanta a dafa kusan lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta zaƙi, ba ta ba da ruwan sai lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narke. A duk Afirka, a duwatsun arewa irin na Maroko da Aljeriya ne ake samun meful tana fitowa da kanta.

Na ce masa, "To tuffa fa?" Ya ce masu noman tuffa a ƙasashe masu zafi ba kowace iri suke dasawa ba. Suna zaɓar wadda aka samar don ƙarancin sanyi, irin su Anna da aka fitar a Isra'ila, kuma a wurare da dama da hannu suke tsige ganyen don su tilasta mata hutawa. Wato abin da na gani na ɗauka kyautar yanayi ce kawai, ashe akwai zaɓe da gwaji da wahalar mutane a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe cewa kowane itace da lokacinsa. Manoman Kano da Katsina sun san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa suke barinsa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Gurjiya da minjirya sai sun tuɓe ganye da rani suke fitar da jan fure. Na san duk wannan tun ina yaro, amma da son abu ya rufe mini ido ban yi aiki da shi ba. Kuma Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, wadda aka kafa a Jos tun 1958, tana nan kan titin Bauchi, kuɗin Keke ɗaya ne daga gidanmu. Ban taɓa taka ƙafa na je na tambaya ba, domin a can cikin zuciyata ina tsoron a ce mini ba za ta yi ba.

Kada wani ya fahimci cewa ina sukar dasa baƙon itace. Yawancin abin da muke sha wa inuwa baƙi ne. Darbejiya daga Indiya take, a 1928 aka kawo ta Barno, yau ta zama 'yar gida a duk Arewa. Mangwaro ma daga yankin Indiya ya fito. Itacen turare da aka rufe tsofaffin filayen kuza da shi daga Ostareliya yake. Dankalin da muke alfahari da shi daga tsaunukan Amurka ta Kudu ya taso, inda ake da tudu mai sanyi kusa da tsakiyar duniya irin namu. Ita kanta gwaibar mahaifina asalinta Amurka ta Tsakiya ne. Waɗannan duka sun zauna ne don gidan da suka baro ya yi kama da wanda suka tarar, kuma ma'aikatan gandun daji a ƙananan filaye suke fara gwaji kafin su baza. Ni ban duba asali ba, ban yi ƙaramin gwaji ba, na kuma sare mai rai kafin in ga kamun wadda ban sani ba. Sakin reshe kama ganye ke nan.

Na koma wurin Baba mai lambu na durƙusa na ce, "Baba, kun faɗa mini, ban ji ba. Ku yafe mini." Ya ce, "Ba komai, ɗan nan. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Jan ganye kake so?" Ya kai ni gefen lambunsa ya nuna mini wani tsiro mai tsayin mutum, ganyensa ja mai duhu, a tsattsage yatsu-yatsu, wanda in ba ka matso ba sai ka rantse meful ce. 'Yar'uwar rama da yakuwa ce, masana na kiranta Hibiscus acetosella, kuma 'yar Afirka ce. Ganyenta da ɗan tsami, ana ci. Reshe kawai ake karya a soka a ƙasa mai damshi ya kama. Ya karyo mini 'yan rassa bai karɓi ko kwabo ba. Ba ta yin inuwa, ba ta kuma daɗewa sai ana datse ta ana sabuntawa, amma launin da na kashe kuɗi da mutunci ina nema daga Japan, ga shi a bakin Dilimi.

Neman gafarar Inna ya fi sauƙi a baki, ya fi nauyi a zuciya. Ta ce ta yafe tun ranar. Na dasa wata gwaibar a gurbin, amma itace ba ya jin gaggawar mai shi, kuma shekarun da Inna ta yi tana jan tabarmarta tana bin inuwar katanga ba abin da zai mayar mata da su. Yaron kuwa, tunda a gaban mutanen gida na ƙaryata shi, a gabansu na tara su na ce ni ne mai laifi, shi gaskiya ya faɗa. Wasu sun ce babba ba ya ba yaro haƙuri. Ni ina ganin babban da ya iya zalunci a fili, ya kamata ya iya gyara a fili.

Ga mai sha'awar ƙawata gidansa da itacen da ya gani a hoto, shawarata ba ta da yawa. Ka san ƙasar da ya fito da irin damina da sanyin da ya saba. Ka nemi wanda ya taɓa raya shi a garinku, ka je ka ga itacen da idonka, mai shekaru ba ɗan wata shida ba, domin daminar farko kowa kyau yake yi. In babu, ka tambayi masu lambu da ma'aikatan gandun daji, ka kuma saurara ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba. In har sai ka gwada, ka gwada a tukunya, a inuwa, da kuɗin da ba za ka yi kukan asararsa ba, kuma ka bar abin da ka tarar a tsaye. Malamai sun karantar da mu cewa dasa itacen da mutum ko tsuntsu zai ci sadaka ce mai gudana. Wanda ya sare irin wannan don ado, ba inuwa kaɗai ya rage ba, ya katse wa wanda ya dasa hanyar lada. In kuma abin da ka ƙulla ya lalace, ka fara tuhumar wanda ya yanke shawara kafin ka waiwayi wanda aka aika. Allah ya jiƙan mahaifina, ya yafe mini, ya sa mu zama masu jin magana tun kafin gani ya koya mana.